Ta yaya ake mayar da gilaida ɗaya ta zama biyu?

Ɗan_Kabi:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana huɗu ke nan ina kan abu ɗaya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ne na ce bari in kawo shi gaban manya. Aikina na kammala karatu a kan selula otomata ne, wato filin nan mai gida-gida kamar na dara, inda kowane gida ke duba maƙwabtansa ya sauya halinsa bisa doka guda. Ina amfani da wani nau'insa da ake kira Wasan Rayuwa na Conway, a cikin manhajar kwamfuta mai suna Golly. Na haɗa ƙofar NOT, wadda ke juya 1 ya zama 0, 0 kuma ya zama 1, ta yi aiki, na haɗa AND, wadda ba ta fitar da saƙo sai saƙo biyu sun zo tare, ita ma ta yi. Inda na maƙale shi ne ina son saƙo ɗaya ya tafi wuri biyu. Gilaida ɗaya ta shigo, biyu su fita, in kuma ba ta shigo ba kada komai ya fita. Duk abin da na sa a gabanta, ko dai ta mutu ko ta tarwatsa wurin. Abin da ke ɗaure min kai, a Wireworld, wani nau'in selula otomata da saƙo ke bin waya a cikinsa, na yi wannan cikin minti biyu, waya kawai na raba. To me ya sa a nan ya zama aiki? Ko ba ya yiwuwa ne?

Hauwa_Jega:
Wa alaikumus salam. Don Allah kafin a yi nisa a yi wa irinmu bayani, mece ce gilaida? Ina bin maganar amma nan ne nake ɓacewa.

MalamLissafi:
Malama Hauwa, dokar gajera ce. Kowane gida yana da maƙwabta 8. Gida mai rai yana ci gaba da rayuwa in maƙwabtansa masu rai 2 ne ko 3, in ba haka ba ya mutu. Gidan da ba kowa kuma yana samun rai in masu rai 3 cif suka kewaye shi. Duk lokacin da aka zartar da dokar a kan duka gidajen sau ɗaya, an yi zagaye ɗaya ke nan. John Conway ne ya tsara ta, Martin Gardner ya yaɗa ta a mujallar Scientific American a watan Oktoba na 1970. Gilaida siffa ce mai gida 5 wadda bayan kowane zagaye 4 take komawa kamanninta, amma ta gusa gida ɗaya a karkace. Da yake tana tafiya ba ta lalacewa, sai aka mayar da ita saƙo: zuwanta 1, rashin zuwanta 0.

Ni a aji nan Argungu da murfin kwalba nake nuna wa yara. Mu zana gidaje a ƙasa da tsinke, mu jera murfi biyar, wani yaro ya riƙa ƙirga maƙwabta da ƙarfi, wani yana ɗora tsakuwa a inda za a haifi sabo, sai an gama ƙirga duka sannan a taɓa murfi ko ɗaya. Ranar da suka ga siffar ta dawo daidai amma ta matsa gefe, har waɗanda ke bayan aji sai da suka taso.

Ɗan_Kabi, yana yiwuwa, tun da daɗewa ma. Amma fara gaya mana yadda ka haɗa NOT ɗinka, don amsar tana cikinta.

Ɗan_Kabi:
Allah shi gafarta Malam, bindigar Gosper na sa, wadda ke sakin gilaida duk zagaye 30. Layinta yana gitta layin saƙo. In saƙo ya zo sai su yi karo su ɓace su biyun, in bai zo ba ta bindigar ta wuce.

Ɗan_Mafara:
Ni dai ban ga abin wahala ba ga wanga zance. Mu nan wajen Bakolori kullum muna raba ruwa. Babban kwalbati shi kawo, ka buɗe baki biyu, wanga shi bi nan wancan shi bi can. In gilaida tahiya takai kamar ruwa, a yi mata baki biyu mana.

Injiniya_Gusau:
Ɗan_Mafara, abin da kake yi rabo ne, shi kuma kwafi yake nema. In ka buɗe baki biyu, kowace gona rabin ruwan take samu. Haka yake a aikinmu: ɗan ƙarfen nan mai baki uku da muke raba wayar eriya da shi zuwa talabijin biyu, kowane ɓangare yana samun abin da bai kai rabin ƙarfin ba ma, shi ya sa in ka jera su da yawa hoto yake fara yayyafi. Gilaida kuwa ba ta da rabi. Gida biyar ne, ka cire ɗaya ta tashi daga gilaida. Saboda haka ta biyun dole ta fito daga wani wuri.

Ko a lantarki na gaske akwai iyaka. Tsofaffin ƙofofin lantarki samfurin TTL da muka koya da su, ɗaya tana iya tura saƙo ga ƙofofi 10 irinta, in ka wuce haka sai ka sa mai ƙara ƙarfi a tsakani. Shi kuma mai ƙara ƙarfin daga batir yake jan wuta, ba daga saƙon ba.

Ɗan_Mafara:
To na gane. Ke nan kamar mai gadi ne da ganga. In ya ji ta can ta yi ƙara shi ma shi buga tashi, ba ƙarar farko ce aka raba ba.

Injiniya_Gusau:
Yauwa, wannan misalin ya fi na ruwa kusa.

MalamLissafi:
Injiniya ya share min hanya. Ƙanena Ɗan_Kabi, ka daina ƙoƙarin kwafar gilaida. Gurbi za ka kwafa. Ka lura a NOT ɗinka, gilaidar saƙo tana barin gurbi ɗaya a layin bindiga. Tambayar ita ce yaya za a yi ta bar gurbi fiye da ɗaya. Hanyar da Conway da abokansa Berlekamp da Guy suka bayyana a littafinsu na 1982 ta dogara ne da wani irin karo na daban. Akwai karon da ba ya kashe su biyun, sai ya juyo da gilaida ɗaya ta koma ta inda ta bindigar ta fito. To bi abin a hankali:

Gilaidar saƙo ta bugi ta farko a layin bindiga, aka samu wadda ta juyo baya. Wadda ta juyo ta yi gaba da gaba da ta biyu, suka bar bulo, ɗan murabba'in nan mai gida 4 da ba ya motsi. Ta uku ta zo ta bugi bulon, ita da shi suka ɓace. Ta huɗu ta tarar da hanya fes ta wuce. Saƙo ɗaya, gurbi uku a jere.

Yanzu ka sa wasu bindigogi masu jinkiri su riƙa gitta layin nan, kowace an saita ta daidai lokacin da gurbi ɗaya zai iso gabanta. In akwai gurbi, gilaidarta ta wuce, ga kwafi nan. In babu, ta yi karo ta ɓace, babu abin da ya fita. Ragowar layin kuma ka sa maci a ƙarshe, siffar nan mai gida 7 kamar ƙugiyar masunta, ya riƙa haɗiye su.

Sharaɗi guda: saƙonninka ba za su zo duk zagaye 30 ba, domin kowane ɗaya yana cin gurbi uku. Sai ka ba su tazara.

Ɗan_Kabi:
Subhanallah. Malam, kwana huɗu ina kallon gilaidar, ban taɓa tunanin in kalli inda babu ita ba. Yau da dare zan gwada.

YarZuru:
Malam, ina girmama bayaninka, amma ban yarda da abin da Injiniya ya ce ba, cewa dole ta biyun ta fito daga bindiga. Wannan tsohuwar hanya ce, kuma ni ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya wahalar da kansa da bindigogi huɗu a yau ba. A Wasan Rayuwa ba a kiyaye yawan gidaje masu rai. Gida biyar na iya zama hamsin. Akwai siffa mai gida 7 da ake kira Herschel, wadda da kanta take tofar da gilaida a zagaye na 21 na rayuwarta. A 1996 David Buckingham ya nuna yadda za a jera bulo da maci a kewaye da ita ta ɓace a nan ta sake bayyana a can, tana barin abubuwan da ta taɓa yadda ta same su. Duk zangon da ta yi za ka iya barin gilaidar da ta tofar ta fita, ko ka sa maci ya cinye ta. To ka mayar da gilaidarka Herschel, ka bi da ita zango biyu ko uku, ka debi kwafinka. Babu bindiga ko ɗaya, babu abin da ke motsi sai saƙo ya zo. A 2015 Tanner Jacobi ya samo ƙaramar na'urar da ke mayar da gilaida Herschel, ana ce mata sirinji. Ita ce ta sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai.

Injiniya_Gusau:
Hajiya, na karɓi gyara a kan kalmar "bindiga", amma ki duba abin da na rubuta, cewa na yi daga wani wuri. Bulo da macin da kika jera tun farko, su ne wani wurin. Gilaida ita kaɗai a fili ba ta taɓa zama biyu.

YarZuru:
Amma ai ba a cinye su ba, Injiniya. Batir yana ƙarewa, waɗannan suna nan bayan kwafi dubu. Bambancin ke nan da nake nufi.

Injiniya_Gusau:
Bindigar ma ba ta ƙarewa. Sai dai mu ce a wannan duniyar ba a biyan kuɗin wuta, abin da ake biya shi ne wuri da lokaci.

Baban_Khadija:
Ina neman afuwa zan ɗan karkatar da zancen. Tun ɗazu nake karanta "bindiga, bindiga". Na san fassarar sunan da masu abin suka sa ce, kuma ba laifin kowa ba ne. Amma mu da muke Zamfara, kalmar nan ba ta da daɗin ji a yanzu. Ni na koyi Golly ne a watan Satumba na 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan. Babu kira, babu intanet, sai manhajar da ɗana ya riga ya sauke min a kwamfuta, ita kuwa ba ta buƙatar layi. Da daddare in an rufe ƙofa ita nake kunnawa don hankalina ya bar abin da ake ji a gari. Tun lokacin nake ce mata famfo, tunda ɗigo take saki ɗaya bayan ɗaya. In za mu koya wa yaranmu abin nan da Hausa, me zai hana mu zaɓi sunan da za su ji daɗin faɗa?

Hauwa_Jega:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Baba. Ni famfo ya fi shiga kaina ma.

MalamLissafi:
Amin. Ba ni da ja. Sai dai ɗalibi ya san asalin sunan saboda ranar jarrabawa da ranar da zai nemi siffar a cikin manhaja. Bill Gosper da abokansa a jami'ar MIT ta Amurka suka gano ta a watan Nuwamba na 1970, gida 36 ce, kuma da ita suka ci dala 50 da Conway ya sa ga duk wanda ya nuna siffar da ke girma ba iyaka. Daga nan zan riƙa cewa famfo.

Sambo_Yauri:
Ni tambayar farko ce ba a amsa ba har yanzu. Ya ce me ya sa Wireworld ke da sauƙi. Dalilin shi ne a can waya tana nan shimfiɗe tun kafin saƙo ya zo. Brian Silverman ya tsara shi a 1987 da hali 4: fili, waya, kan lantarki, wutsiyar lantarki. Kai ya zama wutsiya, wutsiya ta koma waya, waya kuma ta zama kai in kai 1 ko 2 na maƙwabtaka da ita. To in kai ya iso mararraba, duk gidan waya da ke taɓa shi zai zama kai, ko biyu ne ko uku. Ba a ƙirƙiri komai ba, wayar ce ta kama, kamar yadda wuta ke bin ciyawa ta kowane reshe. Wutsiyar ce ke hana shi komawa baya. A Wasan Rayuwa kuwa babu waya, saƙon shi ne jikin kansa, shi ya sa taɓa shi yake lalata shi.

Amma kada a ɗauka babu tarko a can. Na taɓa yin mararraba mai kauri, na cika gidaje a kusurwa don ta yi kyau a ido. Sai kai uku suka kewaye gida ɗaya, shi kuwa a kan 1 ko 2 kawai yake kamawa. Reshe ɗaya ya ɗauka, ɗayan ya yi shiru. Na yini ina neman laifin a wani wuri, ashe gida ɗaya ne ya yi yawa.

Ɗan_Kabi:
Yaya Sambo, wannan ya warware min rabin tambayar. Zan sa shi a babi na biyu da kalmomina.

Malama_Aisha_Kalgo:
Ƙari a kan maganar Sambo. Tun kafin Conway, masanin lissafi John von Neumann ya ga cewa kwafar saƙo abu ne da ba za a bar wa sa'a ba. A tsarinsa mai hali 29, wanda Arthur Burks ya kammala ya fitar a 1966 bayan rasuwarsa, ya ware wani hali musamman na mahaɗa. Saƙo ya shiga gidan mahaɗa, bayan zagaye 2 ya fita ta duk wayoyin da ke kallon waje. Wato a cikin dokar kanta aka dasa kwafi.

Wanda ya fi burge ni shi ne zoben Christopher Langton na 1984. Hali 8, gida 86. Umarni yana zagaya zoben ba tsayawa, duk lokacin da ya iso mararraba sai ya rabu kwafi biyu: ɗaya ya ci gaba da zagaye don kada a manta shi, ɗaya ya bi hannu ya je ya yi gini. Bayan zagaye 151 an sami zobe na biyu. Ka cire mararrabar nan, umarnin zai tafi gini sau ɗaya ya ƙare, zoben ya zama fanko. Don haka Ɗan_Kabi, abin da kake fama da shi ba ƙaramin gefe ba ne na aikin. In ba ka iya kwafi ba, ba ka iya ajiye abu ka kuma yi amfani da shi a lokaci guda.

Kabiru_Kaura:
Ni ina ganin duk kun zagaya da nisa. Akwai dokar Edward Fredkin ta mara da cika: gida ya rayu in masu rai a maƙwabtansa huɗu, gabas da yamma da kudu da arewa, adadinsu mara ne. Zana duk abin da kake so, ko sunanka. Bayan zagaye 8, ko 16, ko 32, gwargwadon girmansa, za ka ga huɗu irinsa. Ba famfo, ba sirinji.

Malama_Aisha_Kalgo:
Gaskiya ne Kabiru, na gwada da harafin A kuma ya fito huɗu. Amma wannan dokar komai take kwafa, ba ta tambayarka. Ba za ka iya ce mata kwafi wannan ki bar wancan ba, kuma na asalin ma ɓacewa yake daga tsakiya. Shi yana son kwafin da zai bi hanyar da ya zaɓa ya isa a lokacin da ya zaɓa.

Kabiru_Kaura:
Haka ne. Amma a nuna wa yara shi dai, yana sa su son abin.

Hauwa_Jega:
To ni tambayata, in Wireworld ya fi sauƙi, me ya sa ba zai koma can ya huta ba? Ba gardama nake ba, so nake in fahimta.

YarZuru:
'Yar uwa, in burinsa ya nuna kwamfuta tana aiki ne kawai, Wireworld ya isa, har an gina wadda ke lissafo lambobin da ba su rabuwa a cikinsa. Amma a can kai ne ka shimfiɗa waya da hannunka, kuma ba ta ƙaruwa ba ta raguwa har abada. A Wasan Rayuwa gilaida na iya gina bulo, ta gina maci, ta gina famfo. Shi ya sa a 2010 Andrew Wade ya iya haɗa Gemini, wadda ke gina kwafin kanta a gaba tana rushe na baya, cikin zagaye sama da miliyan 33. Wahalar da ake sha wajen kwafi, ita ce kuɗin wannan 'yancin.

MalamLissafi:
Hajiya YarZuru, na koma na sake karanta abin da kika rubuta a sama. In aikin yi ake so, hanyarki ta fi tsafta, ban musa ba. Amma ina da dalili biyu da suka sa har yanzu nake son ya fara da tsohuwar. Na ɗaya, zai iya tsayawa gaban malamansa ya bayyana kowane karo da bakinsa. Sirinji kuwa binciken kwamfuta ne ya taimaka aka samo irinta, in aka ce masa me ya sa wannan macin yake nan ba can ba, amsar ita ce don a nan ne ya yi aiki. Na biyu, ita ma tana da sharaɗin tazara. Sirinji na buƙatar zagaye 78 kafin ta shirya karɓar wata gilaidar. Layin famfon Gosper mai 30 ya yi mata sauri, zai tarwatsa ta.

YarZuru:
Na yarda da na biyun, Malam. Amma 78 ba komai ba ne in aka tuna cewa madubin Stephen Silver na 1998, siffar da ke juya gilaida ta sauya hanya, sai ya huta zagaye 497. Na farkon kuwa ban yarda ba. Karon da ke juyo da gilaida baya, shi ma ai gwaji ne ya samo shi, ba wanda ya zauna ya hango shi daga doka. Ƙanƙanta ce kawai ta sa muke jin kamar mun fahimce shi.

Ɗan_Kabi:
Jama'a ga rahoto. Jiya bayan isha'i na zauna. Sau biyar ina samun tarkace maimakon juyowa, sai na gane tazarar layukan biyu ce ba daidai ba, na riƙa gusar da famfon gida ɗaya-ɗaya ina tafiya zagaye-zagaye da hannu. A na shida ta juyo. Na ga bulon ya bayyana, ya zauna shiru, ta uku ta zo ta share shi, ta huɗu ta wuce ta inda yake kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba. Wallahi sai da na tashi tsaye. Aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya, na ƙarasa da sauran cajin da ya rage, na samu kwafi biyu suna fita.

Sabuwar matsala: dole su isa ƙofar AND tare, amma ɗaya tana riga ɗayar da zagaye 20.

Sambo_Yauri:
Barka da ƙoƙari. Tsawaita wa mai saurin hanya. Sa madubi biyu ta yi kwana ta dawo, irin Snark ɗin Mike Playle na 2013, yana juya gilaida zuwa gefe, kuma zagaye 43 ya ishe shi hutu. Duk gida ɗaya da ka ja madubin biyu baya, ka ƙara zagaye 8, huɗu zuwa huɗu dawowa.

Injiniya_Gusau:
Sambo, ja da baya 8-8 yake bayarwa. In bayan ya sa madubin bambancin da ya rage bai rabu da 8 ba, ja ba zai cike shi ba.

Sambo_Yauri:
Gaskiyarka. Sai ya sa su tukuna ya sake aunawa, don su kansu madubin suna da nasu jinkirin. In ya rage 4, ya gusar da ƙofar AND ɗin kanta, ko ya taɓa famfon da ke ba da kwafi na biyu.

YarZuru:
Ko ya gwada hanyar Herschel ya ga ko zai sha wannan wahalar. Ɗan_Kabi, turo fayil ɗin yadda yake, zan haɗa nawa a gefensa da tazara iri ɗaya mu ƙirga gidajen da kowanne ya ci.

Ɗan_Kabi:
To Hajiya, zan turo in na isa inda zan yi caji. Yaya Sambo, in na gusar da ƙofar gida ɗaya wajen mai jinkirin, 4 zan samu ko 8?